Tutar Man Kaɗe

In wani ya ce maka ya san Imurana na unguwar Moshi Zongo a Tamale kuma bai yi murmushi ba, to wani Imuranan ya sani. Namu dogo ne siriri, da fensir maƙale a bayan kunne wanda ba a taɓa ganin ya fiƙe shi ba. Ya yi gyaran agogo wata biyu, har yanzu akwai gidan da agogonsa ke cewa azahar ta yi tun da hantsi. Ya yi aski mako uku, ya bari da ya lura duk wanda ya aske ba ya ƙara cire hula a gaban mutane. Daga nan ya tafi Kumasi, ya dawo ya ce a riƙa kiransa Masta.

Ana saura kwana goma a sauke tutar Turawa a ɗaga ta Gana, Alhaji Zakaria, wanda unguwa ta ɗora wa shirin biki, ya tara maza a ƙofar gidansa bayan la'asar.

"Jama'a," in ji shi, "mutanen unguwar Sakasaka sun ɗinka tuta mai kamu ashirin. Mutum takwas za su riƙe ta zuwa filin taro. Mu me za mu riƙe, kunnuwanmu?"

Kafin kowa ya buɗe baki Imurana ya miƙe.

"Tsumma, Alhaji! Ranar 'yanci guda, su fito da tsumma! Ni zan zana muku tuta a jikin gilas. Ja, ruwan ɗorawa, kore, da baƙin tauraro a tsakiya. In rana ta doke ta, har mutanen ƙauyen Gbalahi sai sun kare ido. A wurin wani mutumin Dakar na koya, a Kumasi."

Sualihu tela, wanda shi ma ya yi zaman Kumasi, ya yi gyaran murya.

"Mutumin nan da ka ɗaukar wa akwati daga tasha zuwa masauki?"

"Ai a hanya aka yi karatun."

"Tafiyar ba ta kai ta shan kofin koko ba."

"Kai ne kake buƙatar shekara bakwai kafin ka iya wuyan riga. Wasunmu kallo ɗaya muke yi."

Alhaji Zakaria ya ga ba wanda ya kawo wata shawara, ya ce to, Masta zai shiga gaba ranar Laraba, ranar bikin.

Sai dai fa zane a gilas yana buƙatar gilas, kuma duk unguwar babba guda ɗaya ne. Yana gaban akwatin da Adizatu, matar Imurana, take sayar da ƙosai da masa. Yayanta direba ne ya kawo mata shi daga Kumasi, naɗe cikin katifa, a kan cinyarsa ya ɗora in an zo gargada. Saboda gilashin nan 'yan Tankas, masu duba tsabtar abinci, ke wuce ta da gaisuwa, alhali suna kifar da farantan wasu. An kuma riga an yi shela cewa ranar biki ba mai sayar da abinci a buɗe a filin taro. Adizatu ta ƙwallafa rai a kan ranar nan tun watan jiya.

"Adiza," in ji Imurana, yana zagaya akwatin, "kin san ƙasa tana buƙatar kowa ya ba da abin da yake da shi?"

"Ka ba ta fensirinka."

"Aron kwana uku kawai."

"Malam, ka ga hannun nan? Shi ya wanke gilashin nan yau da safe. In na ga yatsanka a jiki, shi zai wanke ka."

Washegari ta tafi Gbalahi wurin ƙanwarta da ta haihu, za ta sayo wake daga can, sai Talata za ta dawo. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Imurana ya ɗauko wuƙa ya ɓamɓare ƙusoshin da ke riƙe da gilashin.

Ya tafi neman fenti. Kantin farko suka ce ja ya ƙare. Na biyu suka ce kore ya ƙare tun makon jiya, ruwan ɗorawa kuwa ko warinsa babu. Garin Tamale kaf fenti ake shafawa, har gindin itatuwa. Abin da ya rage shuɗi ne da ruwan toka.

Ya dawo ya tarar da maƙwabcinsa Mba Andani, tsohon Badagombe mai kiwon awaki, zaune a dakali yana cin goro. Kusa da shi bunsurunsa ne, wanda unguwa ke kira Sufeto, don ba tukunyar da ake saukewa bai je ya duba ta ba.

"Masta, ina fenti?"

"Fentin Turawa? A ranar da muke sallamarsu? Mba Andani, ƙasa ta samu 'yanci, launi ma sai ya samu. Da kayan gida zan yi."

"Wane gida?"

"Nawa."

"Kai ba shi da kaya. Adiza ne shi ke da kaya."

Gaskiyar tsoho ce. Imurana ya shiga madafin matarsa kamar an aiko shi bincike. Karan dafi da take rina shinkafa da wake da shi, ya ce ga ja. Garin ɗorawa, ya ce ga na tsakiya. Garin kuka, ga kore. Daddawa da gawayi, ga tauraro.

Da ruwa ya fara damawa. Ya shafa, ya ja da baya don ya yaba wa kansa, launukan uku suka gangaro tare suka haɗu a ƙasa, suka zama kalar kwata. Ya dama da koko. Wannan ya zauna, ya bushe, ya tsattsage, iska ta kwashe shi kamar amosanin ka. Ya jiƙa ƙaro ya haɗa. Wannan kam ya kama, amma kafin ya dawo daga masallaci tururuwa sun yi sahu uku, sun cinye ruwan ɗorawan tas, sun bar masa ja da kore suna kallon juna.

Sualihu ya leƙo ta katanga.

"Masta, mutumin Dakar shi ma da 'yan kallo haka yake aiki?"

"Gwaji nake yi. Kai ba ka san gwaji ba, shi ya sa duk wandonka iri ɗaya ne."

Rana ta huɗu idonsa ya faɗa kan ƙwaryar man kaɗe da Adizatu ta ajiye don suyar ranar biki. Ya lakato ya murza da garin kuka. Ya shafa. Ya zauna daram, sumul, yana sheƙi. Imurana ya yi kabbarar da ta sa kaji tsalle.

Daga nan ba mai riƙe shi. Ja bai yi masa ja sosai ba, ya ƙara garin barkono. Yana son tutar ta riƙa ƙyalli, ya barbaɗa gishiri. Da sanyin safiya yake aikin, in ya gama ya jingine gilashin a ɗaka, bayan randar ruwa, inda ƙasa ke da danshi. Kuma in faɗa muku gaskiya, abin ya yi kyau. Ni na gani da idona.

Abu ɗaya ne ya manta, ko kuma mutumin Dakar bai kai ga faɗa ba kafin su iso masauki. Masu wannan sana'a a bayan gilas suke zane, a kalla ta gaba, gilashin ya zama shi ne kariya. Don haka abin da ake son gani a sama shi ake fara sa wa. Imurana ya shimfiɗa launukansa uku da kauri, ya ɗora tauraro a kansu daga ƙarshe, ya kira Mba Andani da Sualihu, ya juya gilashin da alfahari.

Suka duba. Ja, ruwan ɗorawa, kore.

"Tauraro ya tafi ina?" in ji Mba Andani.

Imurana ya leƙa gaba, ya leƙa baya. Tauraro na can baya abinsa, ya ba jama'a ƙeya.

"Sai ka kankare ka sake," in ji Sualihu.

"In kankare? Man ya ƙare." Ya taɓa fensirinsa. "Wa ya ce ma dole ta gaba za a kalla? Wannan tsohon yayi ne. Ni ta bayan za a kalli nawa. Sabuwar dabara ce, ko a Dakar ba a kai nan ba."

Tun da fuskar zanen ta dawo waje, sai ya ga ai akwai filin ƙari. Ya yanko tauraro daga tsohuwar fata, ya shafe shi da daddawa, ya manna da ƙaro a kan na farko don ya fito sosai. Ya jera gashin zabi a gefe. Ya dasa wuri, irin na kuɗin da, a kusurwa huɗu. Ya samo allon katako ya shafe shi da baƙin tukunya, ya sa a baya, ya ɗaure duka da tsirkiya.

Talata da yamma Adizatu ta dawo da buhun wake. Ta tsaya a gaban akwatinta. Ta miƙa hannu, hannun ya wuce ciki. Ta shiga madafi ta ɗaga ƙwaryar mai, ta ji ta sakayau.

"Imurana."

Rabon da ta kira sunansa gatsal tun ranar da ya gyara agogon babanta.

"Kafin ki yi magana, zo ki gani."

Ta gani. Ta sunkuya ta shinshina.

"Wannan miyar kuka ce."

"Tutar ƙasa ce."

"Har da daddawata. Ka sa gishiri?"

"Kaɗan."

"To saura tuwo." Ta zauna a bakin gado. "Ka saurare ni da kyau. Gobe da azahar mutane za su fito daga fili da yunwa. In azahar ta yi gilashina ba ya jikin akwatina, a wanke, ba tsaga ko ta gashi, 'yan Tankas za su kore ni a gaban matan Sakasaka. In suka kore ni, kai ma ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

"Kafin azahar an gama tafi. Da hannuna zan mayar."

"Hannun naka ne abin tsoron."

Ta aro mai a gidan Mba Andani, ta yi suyarta da asuba, ta rufe gaban akwatin da mayafi, ta ɗora a ka ta biyo bayan jerin gwano. Idonta ba ya kan kowa sai gilas.

Imurana ya fito cikin farar riga, ya ɗaga tutar sama da kansa da hannu biyu. Unguwa ta ɗauki sowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Zakaria da kansa ya ce, "Masta, ashe mun zalunce ka." Sualihu kuwa ya ɗaga kai ya dubi sama. Watan Maris ne a Tamale. Ko gajimare ɗaya babu.

Da an tafi nan take, da wataƙila labarin nan bai samu ba. Amma Alhaji Zakaria ya shirya jawabi, kuma ya shirya shi da Hausa, da Dagbanci, da wani abu da ya ce Turanci ne. Yana cikin na biyu mai ya fara laushi. Yana shiga na uku ja ya fara leƙa gidan ruwan ɗorawa.

Aka kama hanya da kiɗa. Daidai inda hanyarsu ta haɗu da ta mutanen Sakasaka, tauraro ya motsa.

"Masta," in ji wata tsohuwa, "tauraronka yana tafiya."

"Haka aka yi shi, Mma! Yana saukowa wurin talakawa ne. Nasu na tsumma ya iya haka?"

Wasu suka tafa. Mutanen Sakasaka takwas da ke riƙe da kamu ashirin suka dubi tasu tutar, kamar suna jin haushin ba ta komai.

Sai gashin zabi ya fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wuri ɗaya ya faɗo ya doki mai ganga a hanci. Ƙudaje suka iso, na unguwa da na baƙi. Kore ya gangaro ta hannun riga ya shige hamata. Imurana ya ci gaba da tafiya yana murmushi, yana gaya wa na kusa cewa duk cikin tsari ne, har lokacin da ja ya ɗigo masa a goshi, ya bi gira, ya shiga ido.

Kun tuna barkonon?

"Wayyo! Ruwa! Jama'a, ruwa!"

"Wannan ma cikin tsari ne?" in ji Sualihu.

"Sualihu, don girman Allah karɓi!"

"Da sabuwar rigata? Ajiye ta ka dawo."

Ido rufe, Imurana ya lallaɓa ya jingine tutar a gindin wani mangwaro a bakin fili, ya tsuguna, wata mai sayar da ruwa tana kwarara masa a fuska.

To Sufeto tun daga unguwa yake biye da ƙamshin nan. Ya tsinke igiyarsa, ya bi sahu cikin natsuwa irin ta ma'aikaci. Da ya ga an sauke tukunya, sai ya matso ya fara aiki. Gishiri, ɗorawa, kuka, daddawa, ga mai. Tunda aka haife shi ba a taɓa haɗa masa irin wannan a faranti ɗaya ba.

"Mba Andani, kama dabbarka!" in ji Alhaji Zakaria.

"Alhaji, ni ba ya iya. In shi yana duba abinci, ko ni ba ya sani."

Adizatu ta sauke akwatinta ta ratso mutane. Wani ya ɗaga sanda, ta riƙe hannunsa.

"Kar ka taɓa shi! In ya firgita zai ture. Ku bar shi ya gama."

Haka mutanen unguwa biyu suka yi da'ira, da masu ganga, da tuta mai kamu ashirin, suna kallon bunsuru yana lashe tutar Moshi Zongo daga ƙasa zuwa sama. Ya cinye kore. Ya cinye ruwan ɗorawa. Da ya kai ja ya yi atishawa uku, ya girgiza kai, ya koma. Tauraron fata da ya riga ya sauko ya manne masa a goshi, tsakanin ƙaho biyu, bai ko kula ba. Kafin a jima gilas ya fito tas, yana sheƙi, ko Adizatu ba ta taɓa wanke shi haka ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ta dafe ƙirji. Ta dubi inuwa, azahar da saura. "Sufeto, Allah ya yi maka albarka. Ka fi wasu amfani."

Imurana ya taso da jajayen idanu.

"Kin gani? Ba na ce miki a wanke za ki same shi ba?"

Ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Amma gilas mai sheƙi da baƙin allo a bayansa madubi ne. Sufeto ya ɗaga kai, bakinsa na zafin barkono, ya ga wani bunsuru a gabansa, da gemu kala uku, yana lasar baki. Nan take ya gane wanda ya cinye sauran. Ya ja da baya taku uku.

"A'a," in ji Adizatu a hankali. "A'a, Sufeto."

Ƙarar har cikin fili aka ji ta. Wani ɗan sanda ya ƙame ya sara, ya ɗauka an fara harba bindigar biki.

Sufeto ya fito ta cikin katakon, ya ga abokin faɗa ya ɓace, ya tabbata ya yi nasara. Ya ɗaga kai ya nufi filin taro a guje, gemu ja da ruwan ɗorawa da kore, baƙin tauraro a goshi. Jama'ar da ke cikin fili ba su san abin da ya faru a gindin mangwaro ba. Abin da suka gani shi ne Moshi Zongo ta turo bunsuru sanye da tutar ƙasa. Fili ya kaure da tafi. Masu ganga suka bi shi. Shugaban mutanen Sakasaka ya zo ya kama hannun Mba Andani ya ce, wallahi bana kun fi mu.

A gindin mangwaro kuwa ba mai tafi. Adizatu ta tsuguna ta ɗauki ɓallin gilas ɗaya, bai fi tafin hannu ba, ta juya shi, ta ajiye. Sai ga ɗan Tankas da hular kaki, ya ɗaga mayafin akwatin da sandarsa.

"Mma Adiza, ina murfi? Kin san doka. Mayafi ba ya tsare ƙuda in kina ɗagawa kina sayarwa."

Adizatu ta miƙe. Ta dubi akwatin, ta dubi mijinta tun daga hula har takalmi, kamar mai auna yadi. Ta zare maficin da ke ɗaure a zaninta ta danƙa masa.

"Ga murfin nan."

"Wannan mutum ne, Mma."

"Haka ake cewa. Siriri ne, ana ganin ƙosai ta gefensa. Malam, tsaya nan. Nan, inda gilas yake."

Ɗan Tankas ya dubi Imurana, fuska ja, hamata kore, gashin zabi ɗaya a kafaɗa. Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce, "Zan tsaya can. Ƙuda ɗaya ya sauka, na rufe kasuwa."

Alhaji Zakaria ya ƙara da nasa hukuncin: Masta zai riƙe wannan matsayi kullum, har ranar da yayan Adizatu ya sake kawo wani gilas daga Kumasi. Yayan kuwa da labari ya kai masa, ya ce motarsa ba ta da niyyar zuwa Kumasi kafin damina ta wuce.

Da azahar mutane suka fito da yunwa, suka yi layi, rabi don ƙosai, rabi don ganin murfi. Imurana yana fifita, hagu da dama, gumi na wanke masa sauran tuta. Wani baƙo daga Gbalahi ya tambayi wanda ya yi wa bunsurun nan ado.

"Ni ne," in ji Imurana, ya gyara fensirinsa. "Dama can gilashin hanya ce kawai. Kan bunsurun nake nufi tun farko. Ka ga, a Dakar ma sai an shekara..."

"Masta," in ji Adizatu, ba ta ko ɗago kai daga naɗa ƙosai a ganye ba. "Ƙuda."